Awon ƙyamar masu cutar kuturta: kundin yadda aikin ke tafiya

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Kwamitin ɗa'ar bincike ya ba mu izini, don haka yau na buɗe wannan kundi. Aikin da muka sa gaba shi ne auna ƙyamar da jama'a ke yi wa masu cutar kuturta a wasu garuruwa da ƙauyuka na ƙasar Kano, mu mayar da ita lamba, yadda in an yi shekara ɗaya ko biyu ana wayar da kai za a iya dawowa a sake awo a ga ko ta ragu. Cewa akwai ƙyama, wannan ba sai an yi bincike ba. Abin da muke nema shi ne inda ta fi tsanani, da waɗanda suka fi yin ta, da ɓangaren rayuwar da ta fi ci.

Abin da ya sa lamarin ke damuna shi ne kuturta ciwo ne mai magani. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Nowe, Gerhard Armauer Hansen, ya gano ƙwayar cutar. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna, rifampicin da dapsone da clofazimine, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wata 6 ne ga wanda cutar ba ta yi wa yawa ba, wata 12 ga wanda ta yi wa yawa. Da zarar mutum ya fara sha ya daina yaɗa ta. Ita kanta ba ta da saurin kamu, don kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya ɗaukarta ko sun haɗu da ita. Najeriya ta sauko ƙasa da mai cutar 1 cikin mutum 10,000 tun 1998, amma a yawancin shekaru ana rubuta sababbin masu cutar fiye da 2,000, kuma da dama sai jijiya ta riga ta mutu suke zuwa asibiti. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya dawo da yatsa. Tsakanin ranar da mutum ya ga tabo a fatarsa wanda ko an tsikara ba ya ji, da ranar da ya nuna wa ma'aikacin lafiya, akan yi watanni ko shekaru ana ɓoyo, kuma tsoron bakin mutane na cikin manyan abubuwan da ke tsawaita wannan lokaci.

Talata, 22 ga Oktoba, 2024

Mun tsayar da ma'aunai uku, dukkansu na aro.

Na farko shi ne EMIC, wani jerin tambayoyi na gano yadda mutane ke kallon cuta, wanda Mitchell Weiss da abokan aikinsa suka fara amfani da shi a tsakanin masu kuturta a Mumbai ta Indiya. Nau'in da aka tsara don jama'ar gari yana da tambaya 15, kuma yawancinsu halin mutanen gari suke tambaya, ba na wanda ake magana da shi ba. A garin nan, mai kuturta zai so ya ɓoye? Mutane za su ƙi zuwa gidansa? Zai sha wuyar samun aure? 'Yan'uwansa fa? Za a ƙi sayen abinci a hannunsa? Wanda ya ce e, maki 2. Wataƙila, maki 1. A'a ko ban sani ba, babu maki. Jimilla daga 0 zuwa 30.

Na biyu ma'aunin nisanta kai ne. Emory Bogardus ya faro shi a Amurka a 1925 don ganin yadda ƙabilu ke yarda da kusantar juna, Bruce Link da abokansa suka gyara shi a 1987 don masu taɓin hankali, daga baya aka ɗauko shi don kuturta aka gwada shi tare da EMIC a Cirebon da ke Indonesiya. Ana karanta wa mutum gajeren labarin wani mai cutar, sai a yi masa tambaya 7 a kan shi kansa: zai ba shi hayar ɗaki, zai yi aiki tare da shi, zai yarda su yi maƙwabtaka, zai bar masa 'ya'yansa na ɗan lokaci, zai yarda ɗansa ko 'yarsa su aure shi, da sauransu. Maki daga 0 zuwa 21.

Na uku na masu cutar ne su kansu, ma'aunin shiga harkokin jama'a mai tambaya 18, wanda aka fitar a 2006 bayan gwaji a Nepal da Indiya da Burazil.

Mudun wata kasuwa ne muka aro, dole mu gwada shi da namu kafin mu yarda da awonsa. Aikin wata mai zuwa ke nan.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Mutum biyu sun juya tambayoyin zuwa Hausa, kowa shi kaɗai, aka haɗa, wani na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da su Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce. Bayan nan muka fara karanta wa mutane a zaure da cikin gida, bayan kowace tambaya mu ce, "Baba, me ka fahimta aka tambaye ka?" ko "Inna, in ke ce za ki yi wa wata wannan tambayar, yaya za ki faɗa?"

Tambayoyin EMIC sun zauna. Na nisanta kai ne suka yi gardama. A ƙauye ba a ba da hayar ɗaki a cikin gida, baƙo a zaure ko shago ake sauke shi, don haka mutum sai ya ce "zan ba shi" alhali abin bai taɓa faruwa da shi ba kuma ba zai faru ba. Haka tambayar nema wa mutum aiki a wurin aboki, manomin da shi da ƙannensa ke noma gandu ba ta shafe shi ba. Mun yanke shawarar barin bakwai ɗin yadda suke, don a iya kwatanta sakamakonmu da na wasu ƙasashe, sannan mu ƙara namu a lissafa su daban: cin tuwo a kwano ɗaya, shan ruwa da moɗa ɗaya a randa, musabaha, tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu, aski da askar da wanzami ya yi masa aski da ita, sayen fura ko ƙosai a hannun mace mai cutar.

Matakan amsa huɗu ma sun yi wa tsofaffi yawa a karanta su lokaci ɗaya, sai ka ji an ce "Allah dai ya kiyaye" an yi shiru. Yanzu kashi biyu muke yi. Za ka yarda ko ba za ka yarda ba? In ya zaɓa, sai mu ce sosai ko kaɗan?

Wani abu mai muhimmanci ya fito. Ana ambatar kuturta, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na mai bara a bakin masallacin Juma'a, wanda yatsunsa suka gutsure. Amma wanda muke so ya fito ya karɓi magani da wuri mutum ne mai tabo ɗaya ko biyu a baya ko a cinya, hannunsa lafiya lau. In ba mu rarrabe ba, ba za mu san wa muke auna wa ƙyama ba. Saboda haka labarin ya zama biyu: manomi mai tabo da ya gama shan magani ba tare da nakasa ba, da manomi tsaransa da yatsunsa suka lanƙwashe. Ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda za a karanta wa kowa, kuma mata za a karanta musu labarin mace.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 2024

Wannan makon shi ne mafi amfani tun da muka fara. Mun kai tambayoyin wurin waɗanda abin ya shafa, a wata unguwa da yawancin mazaunanta tsofaffin majinyata ne da 'ya'yansu da jikokinsu. Irin waɗannan unguwanni suna da tarihi. A shekarun 1930 mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi kula da wuraren jinyar kuturta na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, akwai kuma Garkiɗa a Adamawa, da Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Mutane da yawa da suka warke ba su koma garuruwansu ba, suka zauna a gefen asibitin suka hayayyafa. Zaman nasu kaɗai shaida ne a kan yadda gida ya karɓe su.

Mai riƙe da sarautar sarkin kutare na wurin ne ya tara mana mutane. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mun zo ne ku duba mana ko waɗannan tambayoyin sun taɓa inda ke yi muku ciwo." Aka karanta, suka saurara har ƙarshe, sannan suka nuna mana ramin da ba mu gani ba.

Abin da suka ce, a taƙaice, shi ne Bahaushe ba ya korar mai kuturta da baki. Zai ba shi sadaka, zai ce ƙaddara ce, zai yi masa addu'a. Amma kuɗin daga sama ake sako shi cikin ƙoƙo don kada hannu ya taɓa hannu. Ana aiko masa da tuwon Salla, a cikin kwanon da aka ware, wanda ba zai koma cikin sauran kwanukan gidan ba. Ana sanar da shi rasuwa, ba a kawo masa goron suna ko na ɗaurin aure. Wata dattijuwa ta ce shekara da shekaru maƙwabtanta na dā ba su taɓa zaginta ba, kuma ba su taɓa sa ta a adashinsu ba.

Wannan ya tsaya mini a rai. Mutumin da ke ba da sadaka duk Juma'a, in ka tambaye shi ko yana ƙyamar masu kuturta, zai ce a'a, kuma har zuciyarsa ya yarda da amsarsa. Tausayi yake ji, tausayin kuma na gaskiya ne. Sai dai tausayin da ya ajiye mutum a matsayin mai karɓa har abada, ba ya gayyatarsa, ba ya neman shawararsa, ba ya ba shi amanar kuɗi, bai hana yaron da ya ga tabo a jikinsa ya ɓoye ba. Yaron ya ga inda ake ajiye masu wannan ciwo, kuma ba ya son a ajiye shi a can. Ma'aunin da ya ɗauki sadaka a matsayin rashin ƙyama zai ba mu lamba mai daɗin ji, ta sa hukuma ta kwanta. Mun ƙara tambayoyi a kan gayyatar suna da biki, da shiga adashi, da neman shawara a sha'anin dangi.

Wani tsoho ya kawo karin maganar nan ta kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Nufinsa shi ne mai hali ba ya shan abin da talaka ke sha ko da ciwonsu ɗaya. Gaskiya ne, shi ya sa muka bar mutumin labarin a manomi matsakaici a duka nau'i biyun, don kada dukiya ta shiga tsakani.

Talata, 10 ga Disamba, 2024

An gama horar da masu tambaya, maza da mata, kuma an sa tambayoyin a waya ta manhajar KoboToolbox. Mata ne kaɗai ke shiga cikin gida. Jami'in tarin fuka da kuturta na kowace ƙaramar hukuma yana raka mu gaisuwa wurin hakimi da dagaci, amma ba ya zama a wurin tambaya. Mun hana sa rigar asibiti. Matsalar da ta rage ita ce taron zaure: ana fara hira mutum biyar sun kewaye, kuma wanda ake tambaya sai ya koma amsa abin da majalisa ke son ji. Yanzu muna roƙon mai unguwa ya ba mu gefe ɗaya, gindin bishiya ko bayan masallaci.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Aikin gida-gida ya yi nisa. Alƙaluma ba za su shiga wannan kundi ba sai an gama tantancewa, amma akwai abin da duk masu tambaya suka dawo da shi ba tare da sun haɗa baki ba. In aka ce "mutanen garin nan", amsa takan zo da sauri: e, za su guje shi, e, za a raina gidansu. In aka juyo aka ce "kai fa", sai murya ta sauya, a ce ai ni ba ruwana, duk ɗan Adam ne. Mutum ɗaya, cikin minti goma, ya ba garinsu maki mai yawa ya ba kansa kaɗan. Ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, kunya ce da kara a gaban baƙo. Amfanin haɗa ma'aunai biyun ke nan. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, irin wanda aka yi a 2018, yakan tambayi mutum ko zai sayi kayan lambu a hannun mai ɗauke da ƙanjamau, kuma irin wannan tambaya ta kai tsaye kullum tana da wannan rauni.

Wuri ɗaya ne karar ke ƙarewa, wato aure. Wanda ya yarda da maƙwabtaka da musabaha har da kwano, ana zuwa "za ka ba shi 'yarka" sai ya ce a'a, ba tare da jinkiri ba, kuma da yawa sukan kawo hujjar addini. Hadisin da ke cewa a guje wa mai kuturta kamar yadda ake gudun zaki yana cikin Buhari, kuma a fiƙihun Malikiyya kuturta na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure in ba a san da ita ba kafin ɗaurawa. Mun zauna da wani malami mai karantar da fiƙihu a zaurensa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wanda likita ya tabbatar ya gama magani, babu sauran ƙwayar cuta mai rai a jikinsa, ina matsayinsa?" Ya ce hukuncin a kan cutar yake da cutarwar da ke cikinta, kuma sanin ko ta tafi aikin masana lafiya ne. Mu ba fatawa muka fito yi ba, amma daga yanzu muna rubuta dalilin da mutum ya bayar da bakinsa, don wanda ya ƙi saboda yana zaton za a kamu daban yake da wanda ya ƙi saboda "gidan kutare ne".

Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, kuma tambayar EMIC a kan auren dangi ce ke tono shi. Ƙanwar mai kuturta ba ta da komai a jikinta, babu hadisi ko hukuncin da ya ambace ta, amma masu neman aure sukan janye in bincike ya kai ga yayanta. Tushen abin shi ne imanin cewa gado ce. Mun ji wasu dalilan ma, rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya, cin naman akuya, tsaka ta faɗa a abinci, amma gado ne ya fi yawo. Ba abin mamaki ba ne, tunda cutar takan kwanta a jiki kimanin shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta bayyana, kuma waɗanda suka daɗe suna shaƙar numfashin juna a ɗaki ɗaya ne ke kamuwa. Mai kallo daga waje sai ya ga uba da ɗa, ya ce jini ne.

Lahadi, 26 ga Janairu, 2025

Yau Ranar Kuturta ta Duniya, Lahadin ƙarshe ta Janairu, wadda Bafaranshe Raoul Follereau ya assasa a 1954. Mun dakatar da tambayoyi na ɗan lokaci, don wanda ya ji shirin rediyo jiya a kan daina tsangwama zai maimaita mana shi yau.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Tun farkon 2024 maganin kuturta ya yanke a ƙasar nan saboda tsaikon da aka samu a kan gwajin inganci kafin shigo da shi. A ƙarshen kowace hira mukan yi wa mutum ɗan bayani cewa ciwon yana warkewa kuma magani kyauta ne. Yanzu dole mu ƙara da cewa ana jiran isowarsa, a je a yi rajista a duba jijiya. Masu tambaya sun ce faɗar wannan yana yi musu nauyi. Ya shafi awon ma, domin duk wanda ya nakasa a wannan jira zai ƙara tabbatar wa garinsu cewa kuturta ba ta barin mutum lafiya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025

Mun koma kan masu cutar su kansu. Ba ma zuwa gidan kowa, don zuwan baƙi da waya a hannu ya isa ya tona asirin da mutum ya daɗe yana rufewa. A asibiti muke haɗuwa ranar da suka zo a duba su, a ɗaki daban, kuma wanda ya ce ba ya so ba a sake yi masa magana.

Erving Goffman, a rubutunsa na 1963 a kan tsangwama, ya raba tsakanin wanda aibinsa ke bayyane da wanda nasa ke ɓoye yana fargabar ranar da za a gane. Duka biyun muna ganinsu. Na ɓoyen ba wanda ya taɓa guje musu, su ne suka janye. Wani magidanci ya daina zama majalisa ya daina cin abinci da ƙannensa, alhali ba wanda ya sani sai matarsa. Waɗanda suka taɓa shan magani sun yi maganar clofazimine, wanda ke sa fata ta yi duhu na wani lokaci kafin ta koma daidai bayan an gama. A gari ƙarami wannan sauyin launi tambaya yake jawowa, har wasu su yi tunanin ajiye magani. Mata kuwa, zancensu yakan ƙare a kan saki, ko a ce ta je gida ta yi jinya kuma ba a sake zuwa biko ba.

Ma'aunin tambaya 18 yana sa mutum ya gwada kansa da tsaransa. Mazauna unguwannin tsofaffin majinyata da maƙwabtansu suke gwada kansu, waɗanda duk halinsu ɗaya, sai su ce ba su da matsala. Yanzu mai tambaya yana fayyacewa tun farko: tsaranka na garinku na asali, wanda bai taɓa yin wannan ciwo ba.

Talata, 18 ga Maris, 2025

Azumi ya sa mun bar fita, muna kan lissafi. An sake yi wa wani kaso na mutane tambayoyin bayan mako biyu don a ga ko amsa tana tsayawa, kuma muna duba ko tambayoyin kowane ma'auni abu ɗaya suke aunawa, da lissafin alfa na Cronbach wanda ake so ya kai 0.7. Tambayar hayar ɗaki ta fi kowace yawo, kamar yadda muka zata. Ta kwano da ta adashi da ta aure sun tsaya da ƙafarsu.

Labari ya zo cewa maganin ya iso ƙasar a wannan watan. Alhamdu lillahi. Mun miƙa wa jami'an ƙananan hukumomi sunayen waɗanda muka tura rajista, da yardarsu, don a neme su da zarar ya iso asibitocinsu.

Laraba, 9 ga Afrilu, 2025

Kafin rahoto ya tafi ko'ina, za mu fara kai sakamakon unguwar da ta gyara mana tambayoyi, su ji su faɗi abin da suka gani. Daga nan sai hakimai da limaman Juma'a na garuruwan da muka shiga, kowane gari da nasa, ba tare da an jera su an ce wannan ya fi wancan ƙyama ba, don kada awon kansa ya zama abin gori.

Muna kuma tsara zagaye na biyu da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da tambayoyi iri ɗaya da ƙarin wasu a kan taɓa majinyaci da wanke gyambo, tunda su ne mutanen farko da mai tabo ke nuna wa jikinsa. Ana so a gama wannan kafin damina ta sauka mutane su koma gona. Takardar neman ƙarin izini za ta tafi kwamitin ɗa'a ranar Litinin.